Ramar Kulu Mai Mazarƙwaila

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Makarfi ya san Kulu mai mazarƙwaila, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. 'Yar Dandamisa ce, can aka haife ta, can ta auri Malam Lawal manomin rake. Shi ya noma, ya matse, ya dafa, ita ta ɗauka ta kai kasuwa. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ba a yi dillalin da ya taɓa kayar da ita a ciniki ba.

Ta haura hamsin da kaɗan ta ji ƙululu a nononta na hagu. Ta yi ta shafa man zafi, har sai da maƙwabciyarta Bernice, wadda ake kira Maman Justin, ta tasa ta gaba zuwa asibitin Shika. Aka ce sankarar mama ce. Aka yanke nonon, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya, gashi ya zube, abinci ya ƙi zama. Ta dawo gida kamar karan dawa bayan girbi. Da mata suka fara yi mata kuka, sai ta ce nonon ya shayar da 'ya'ya shida, ya gama aikinsa, a bar shi ya huta.

Ciwon ya tafi, masu dubiya suka tsaya. A Dandamisa ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana, kuma wanda aka kawo wa kwano ba ya mayar da shi yadda ya zo. Shugabar wannan aiki ita ce Rahmatu, yayar Malam Lawal. Da safe kunun gyaɗa da sukari, da rana fura da kindirmo, da yamma tuwo yana iyo cikin man shanu. Ba ta ajiyewa ta tafi. Sai ta zauna a kan tabarma ta zuba wa Kulu ido har ta ga gindin kwano.

Kulu ta ci. Ga kuma ƙwayoyin da aka ɗora ta a kai masu buɗe ciki. Kafin damina biyu ta cika ta batse, wuya ya ɓace, zani ba ya zagaye ta sai da ƙari. Gari ya yi murna. Malam Lawal ya riƙa tafiya yana buɗa hammata, don kowa ya ga bai gaza da matarsa ba.

Ita ce kaɗai ta san abin da take ɗauke da shi. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe, daga baya ma ta koma salla a zaune. Kasuwa ta gagare ta. Da ta koma asibiti a duba ta, likitar ba ta ɓoye mata ba: sukarin jininta ya hau, gwiwoyinta sun gaji, kuma wannan ƙiba tana iya buɗe wa tsohon ciwon ƙofa.

Kulu ba ta son dogon bayani. Washegari ta raba tuwonta biyu, ta cike gurbin da kwaɗon zogale. Mazarƙwailar da ta saba gutsura tana hira ta daina kai wa baki. Kwanukan Rahmatu kuwa ta koyi dabararsu: ta yi loma biyu, ta aiki Yaya Rahmatu ɗebo mata ruwa, sauran ya haura katanga zuwa gidan Maman Justin. In hantsi bai yi zafi ba ta sa hijabi ta taka zuwa bakin fadama. Da fari tana tafe tana hutawa a kowace inuwa. Masu acaɓa suka riƙa tsayawa.

"Inna Kulu, hau in kai ki, ba sai kin biya ba."

"Wuce, ɗan nan. Ƙafar ce aka ce in ba ta aiki."

Jiki ya fara sauka, gwiwa ta fara saki. Nan ne gari ya shiga uku. Mutanen da suka ga ramarta ta farko ba su san wata rama ba sai ta ciwo. Ta gaya musu likita ce ta sa ta. Suka gyaɗa kai. Ta ce ta fi jin ƙarfi yanzu. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suna goge ido da bakin mayafi. Laifinsu kaɗan ne, don a garin ko wanda ake karanta wa Yasin aka tambaye shi jiki cewa yake da sauƙi.

Sai aka fara zuwa neman yafiya, kamar yadda ake yi wa wanda aka ga alamar tafiyarsa ta matso. Wata ta zo da tukunyar da ta ara tun bikin Firdausi, 'yar autar Kulu, ta ce mantuwa ce. Wata ta durƙusa ta ce ita ce ta yaɗa cewa Kulu tana haɗa mazarƙwaila da gari. Har Rahmatu ta ce a yafe mata, don lokacin auren ba Kulu ta so wa ƙaninta ba.

"Na sani, Yaya," in ji Kulu. "Ai a gabana kika faɗa."

Da yamma ta leƙa ta katanga tana ba Maman Justin labari, suna dariya har da riƙe ciki.

"Ki bar su tukuna," Maman Justin ta ce. "Wa ya sani ko turminki da aka ara ma zai dawo."

Kulu ta bar su. Turmi bai dawo ba, amma faranti biyu sun dawo.

Wasan ya ƙare ranar da Malam Lawal ya shigo bayan azahar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta bai cire hula ba. Sai a lokacin ta lura rigarsa ta yi masa yawa. Mutumin da ba ya barin ƙanzo, kwanan nan tuwonsa yake kwana.

"Kulu," ya ce, yana kallon ƙasa, "zaman nan da muka yi, in akwai abin da na yi miki..."

"Malam, kai ma?"

"Na ga wancan karon da idona. Haka kika fara."

"Na gaya maka abin da likita ta ce."

"Kin gaya mini. Wancan karon ma kin ce mini ba komai."

Wannan gaskiya ce. Ta dube shi ta ga baki ba zai yi aiki ba. In ta bar shi haka, ko dai ya rame ya kwanta, ko ita ta koma kan man shanu don hankalinsa ya kwanta, ta sake zama a tabarma.

"Gobe za ka raka ni fadama," ta ce. "A ƙasa. Mashin ɗin nan naka ya huta."

Rabon Malam Lawal da zuwa gonarsa a ƙafa tun ranar da ya sayi mashin. Da safe suka fita, yana gaba kamar yadda aka saba, yana waiwaye ko za ta faɗi. Kafin su wuce makarantar firamare ta kamo shi. A gangaren rafi ta wuce shi. Mutanen da ke kan hanya suka ga abin da ba su taɓa gani ba, mace a gaba tana zuba sauri, mijinta a baya yana share gumi da hula.

"Kulu, dakata mana."

"Mai mutuwa ba ta jira, Malam. Lokacinta kaɗan ne."

Da ya iso bakin gonar rake ya tarar har ta tsinke busassun ganye ta tara a gefe. Ya zube a gindin mangwaro yana haki. Ta miƙa masa gorar ruwa, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu, numfashinta daidai. Ya sha, ya daɗe yana kallonta daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa sa kafin ya taya.

"Wallahi lafiyarki ƙalau," ya ce.

"Tun yaushe nake faɗa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya goge ido ya ce ƙura ce.

"To yanzu," ya ce, "in mun koma, akwai abin da za a ci? Yunwa nake ji."

"Akwai zogale."

"Shi kaɗai?"

"Tashi mu tafi, rana tana yi. Kuma kai za ka yi wa Yaya bayani, ni na gaji."

Ya dafa mangwaron ya miƙe. Wannan karon ya bar ta ta shiga gaba, ba gardama.