Gwaggo Jerka da Haƙoran Zarto Bakwai

Gwaggo Jerka, yayar babana, tun tana 'yar shekara goma sha biyu take sa wa kifi gishiri a tsibirinmu, kuma duk yankinmu na Dalmatiya, a ƙasar Kuroshiya, ban ji mai muryarta ba. In ta ƙwala wa mijinta kira daga bakin teku, har mazan wasu amsawa suke yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Akwai waƙar makoki da muke yi a coci ranar Juma'ar da ke zuwa kafin bikin Ista. Kowa littafi yake bi, murya a miƙe. Gwaggo kuwa akwai wurare bakwai da sai ta karkaɗa murya kafin ta haura sama, yadda kakarta ta koya mata. Malam Dinko, shugaban mawaƙan coci, da ya dawo daga karatu a birni ya daure mata shekara biyu, sannan ya ce a gaban kowa:

"Jerka, nan fa coci ne, ba garken awaki ba. Ko ki bi littafi, ko ki koma benci."

Ta koma bencin ƙarshe. Shekara ashirin da takwas tana can tana karkarwarta, da ƙarfin da ke danne mawaƙa ashirin. A idon mutane ko a jikinta. Amma ni na sha ganinta tana share ido da gefen ɗankwali in mawaƙa sun hau jeri ba ita.

Ni ce Vinka, kuma da na ce zan tafi jami'a a Zagreb, babban birnin ƙasarmu, in karanta tsofaffin waƙoƙi da yadda mutanen zamanin da suke rubuta su, babana ya leƙa littafina ya ce, "Wannan kashin ƙudan za ki je karantawa?" Ban ga laifinsa ba. Mutanen zamanin da ba layukan rubuta sautin waƙa irin na yanzu suka ja ba, 'yan ɗigo da ƙugiyoyi kawai suka yayyafa a saman kalmomi, su tuna wa mawaƙi inda zai hau da inda zai sauka. Wanda bai san waƙar ba, ya ƙura musu ido har ya makance ba zai iya ta ba.

A shekarata ta uku a jami'a, malamarmu Farfesa Zlata ta raba mana hoton wata guntuwar fata da aka ɓamɓaro daga bangon wani tsohon littafi. Ta nuna wata alama mai kama da haƙoran zarto, ta ce masana sun yi furfura suna gardama a kan yadda ake rera ta. Na fara karanta kalmomin ina hamma. Sai hammar ta maƙale. Waƙarmu ce! Na ɗora yatsa ina ƙirgawa. Zarto na farko, a kan kalmar da Gwaggo ke karkarwa. Na biyu ma haka. Da na kai na bakwai ban san sanda na haye kan kujera ina ihu ba, har wani ɗan ajinmu ya zaci ɓera na gani.

Na buga wa Gwaggo waya. "Gwaggo, ki zo Zagreb!"

"Ke, ciki kika yi?"

"Waƙa za ki yi!"

"To ai da sauƙi."

Ta iso da baƙar rigarta ta zuwa coci da bokitin kifi na tsaraba, ajin gaba ɗaya ya ɗau ƙarni. Aka miƙa mata abin magana, ta ture shi. "Wannan na marasa cin abinci ne." Ta buɗe baki, tagogi suka amsa. Farfesa Zlata, matar da ba mu taɓa ganin haƙorinta ba, tana bin hoton fatar da fensir, duk inda Gwaggo ta karkaɗa sai ta yi tsalle ta ce, "Ga shi!" Sau bakwai ta yi tsallen nan, tabaranta ya faɗi a na biyar ba ta ko waiwaye shi ba.

Da Farfesa ta dawo hayyacinta ta ce, "Mama, ba zan rantse cewa haka mutanen zamanin da suka rera ba. Amma bakwai cikin bakwai!"

"'Yata, ba rantsuwa nake so ba. Rubuta min a takarda, ki buga hatimi. Babba."

A jirgin ruwan komawa Gwaggo ta yi ta bitar baƙaƙen maganganun da ta tanadar wa Malam Dinko. Shekara ashirin da takwas tana sa musu gishiri, sun tsumu. Wasu ma ni kaina sai da na toshe kunne, dariya kamar cikina zai fashe.

Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran ragar kamun kifi, ya tsufa. Ta dangwara masa takardar da hoton a cinya. Ya daɗe yana bin zartunan da yatsa, bakinsa na motsi. Can ya ce:

"Haka uwata take yi. A birni suka yi min dariya, suka ce kuskuren ƙauyawa ne. Na dawo na hana ta ita ma. Har ta mutu ba ta sake yi a gabana ba."

Na dubi Gwaggo ina jiran ruwan zagi. Tausayinsu su biyun ya kama ni.

"Kai dai Dinko ba ka da wayo," ta ce. "Ranar Juma'a ka matsa min wuri."

Ranar Juma'ar makokin ta tsaya a jerin gaba, ƙirji a buɗe, takardar a aljihu. Da aka zo kalmar zarton farko mawaƙa suka yi tsit suka bar mata. Ta karkaɗa. Sai muka ji wata tsohuwar murya, siririya, ta bi ta a baya ba kuskure ko ɗaya. Malam Dinko ne, ya ajiye littafin, hawaye na sauka cikin gemunsa.