Motar da Ba Ta Son Ƙafar Hagu

Yayana direba ne, kuma ba ya son a faɗi hakan a gajarce. In ka ce masa direba kawai, sai ya gyara maka zance: direban da ya daɗe yana jan taksin ƙauye tsakanin Matameye da Damagaram kafin wani Alhaji mai sayen wake ya ɗauke shi aiki. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba, amma tun ina ƙarami nake shan darasin mota a bakinsa, ko ina so ko ba na so.

Motar Alhaji ta farko tsohuwa ce, doguwa, irin waɗanda Turawa suka gama morarsu suka turo mana. Ba kowa take yarda da shi ba. Da safe sai Yaya ya lallashe ta, ya taka totur sau biyu, ya ɗan jira, sannan ya murɗa makulli. Bitesi, wato giya, na biyu ba ya shiga sai an bi da shi ta wani lungu da shi kaɗai ya sani. In suka faɗa yashin hanyar Tsauni, duk jikinsa ne ke aiki: ƙafar hagu a kan ambiriyaji, wanda sai an taka shi bitesi ke shiga, ta dama tana kai da komo tsakanin birki da totur, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a sandar bitesi, baki kuma yana zagin motar ƙasa-ƙasa don kada mai gida ya ji. Alhaji yana baya, ya baje babbar riga yana jan casbi. Abin da yake gani kawai ƙeyar Yaya ce tana tsiyayar zufa, kuma ƙeya mai zufa tana sa mai gida ya ji bai yi asarar ɗaukar direba ba. Da wannan zufar Yaya yake ciyar da matarsa da ƴaƴansa da tsohuwarmu.

Wata shekara wake ya yi daraja. Alhaji ya tafi Kano ya dawo da abin da garinmu bai taɓa gani ba: motar tsere, ruwan ɗorawa, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mutumin da buhunan wake suka yi wa arziki ya sayo motar da ko rabin buhu ba ta ɗauka. Duk mun lura da haka, duk kuma muka ce Allah ya sa alheri. Tsohuwar motar kuwa a makon aka sayar wa wani mai jigilar awaki.

Alhaji bai ɓoye wa Yaya komai ba. Ya ce ranar kasuwa za su fita da ita, in ya iya to, in bai iya ba akwai wani ɗan'uwan matarsa Hajiya a Damagaram da ya saba da irinsu. Yaya ya dawo gida da la'asar ya zauna bai taɓa abinci ba.

"Malam," ya ce da ni, don haka yake kirana in abu ya dame shi, "babu makulli, danna wani abu ake yi. Abin takawa biyu ne kacal. Wai ita ke sa wa kanta bitesi. To ni me aka ɗauke ni in yi, in dinga yi mata sannu?"

Ranar kasuwa ina bakin hanya wajen masu albasa, na ga komai da idona. Motar ta taho tana gurnani, mutane suna darewa. Inji ya ɗaga murya, kunnen Yaya ya gaya masa lokacin canza bitesi ya yi, ƙafar hagu kuma ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta tashi ta taka abin da ta samu a ƙasa da duk ƙarfinta. Birki ta samu. Motar ta ƙame nan take. Hular Alhaji ta yi gaba, goshinsa ya bi ta. Kafin su kai tasha sai da aka yi haka sau uku. Masu shayi suka ce motar tana da tarbiyya, ba ta wuce jama'a ba ta rusuna ba. Na yi dariya tare da su, sannan na tuna shinkafar da na ci jiya daga gidan wa ta fito, sai na bar dariyar.

Alhaji, da ƙulu a goshi, ya ba Yaya wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa.

A nan ne na sa baki, ni mai keke. Na ce, "Yaya, ƙafar nan ba za ta ji magana ba. Ka tanƙwashe ta ka zauna a kanta, kamar kana gaban akushi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko wilbaro ba ka iya turawa daidai, kai za ka koya mini mota?"

Amma ya gwada, kuma dabarar ta ci. Kasuwa ta zagayo, suka ratsa ta lafiya lau, ko kaza ba ta firgita ba. Na yi kwanaki ina yawo da kai a sama, har a aji sai da na ba da labarin.

Yaya dai bai ji daɗinta ba. Ya ce in ya shiga kwana da gudu ita ke gyara kanta, in ta ji yashi ita ke rage wa kanta ƙarfi, in akuya ta matso sai motar ta kama kuka tun shi bai gani ba. Ga sanyi yana hurawa ciki, zufa ta ƙafe. Hannun dama ya rasa abin yi, sai ya samo masa casbi. Ya ce da ni, "Waccan in na yi kuskure ni da ita muke shan wuya. Wannan ko kuskuren ba ta bari in yi."

Abin da ni da shi ba mu yi tunaninsa ba shi ne kujera. Motar ba ta da baya. Alhajin da ya yi shekaru yana kallon ƙeya yanzu yana zaune kafaɗa da kafaɗa da direbansa, kuma ɗan kasuwa ne, idonsa ba ya hutu. Ya ga mutum ya naɗe ƙafa ɗaya, yana tasbihi da hannu ɗaya, fuska a bushe, mota kuma tana tafiya. Wata rana a hanyar Icirnawa ya nuna ƙasa da yatsa.

"Wannan na tafiya ne?"

"I, Alhaji."

"Wannan na tsayawa?"

"I, Alhaji."

"Shi ke nan?"

Yaya ba ya ƙarya, wannan ce babbar matsalarsa. Ya ce, "Shi ke nan, Alhaji."

Washegari da hantsi suka tafi wani fili a bayan gari, suka yi musayar kujera. Alhaji bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa, saboda haka ƙafarsa ta hagu ba ta san akwai wani aiki da ake yi da ita ba, ta zauna lafiya inda aka ajiye ta. Abin da ya wahalar da gwani bai ko taɓa shi ba. Kafin mako ya fita yana kai kansa masallaci. Ya kira Yaya, ya yabe shi a gaban mutane, ya ce a duk ƙasar nan babu mai koyarwa irinsa, ya ba shi sabuwar riga da buhun wake, ya sa masa albarka ya sallame shi.

Ban taɓa jin kunyar wata shawara tawa kamar wannan ba, har yau kuma ina jin ta. Bayan ƴan kwanaki muna zaune a benci a ƙofar gida da yamma, sai ga motar ta taho. Alhaji ya danna oda, ya saki sitiyari ya ɗaga mana hannu biyu, motar kuma ta ci gaba da tafiya a miƙe. Yaya ya tashi ya amsa gaisuwar da ladabi, ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya zauna. Bai dube ni ba.

"Malam," ya ce, "da ka bar ni da ƙafata, da har yanzu yana tsammanin abin da wuya."