Shirun Mai Babbar Murya

Shekaru sun ja, amma abin da ya faru tsakanina da wani abokina na ƙuruciya a wata kakar masara ba zai taɓa fita daga raina ba.

Ƙauyenmu ɗaya da shi a gefen Malumfashi, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Su Kirista ne, mu Musulmi, amma na ci tuwon gidansu kamar yadda ya ci na gidanmu. Tun muna samari Allah ya ba shi murya. In ana gayya ya ɗaga waƙa, masu noma a ƙetaren rafi sukan amsa masa. Shi ya yi makarantar mishan, ni kuwa gona na bi. A cocinsu wani malamin waƙa ya ji shi, ya tafi da shi Zariya, daga can Legas, daga Legas sai muka ji ya haye Turai.

Sana'arsa a can, kamar yadda ya taɓa bayyana mini, wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai da waƙa ake faɗa. Makaɗa da masu busa cike da gaban dandamali, ba lasifika, kuma dole muryar mutum ta hau kansu ta kai ga wanda ke kujerar ƙarshe. Shi kullum jarumi ake ba shi, mai takobi, ya yi awanni a tsaye yana rerawa, a ƙarshe a kashe shi. Na tambaye shi ko ba su da wasan da zai tsira da ransa, ya ce in ya tsira 'yan kallo ba sa tafi sosai. Masu irin muryarsa ba su da yawa, shi ya sa ake ɗaukarsa daga wannan ƙasa zuwa waccan.

A shekarar da nake ba da labari ya dawo gida ba sanarwa. Na je gaishe shi da hantsi, na tarar da mutane a ƙofar gida. Na yi masa sannu da zuwa, na tambayi hanya, na tambayi iyali. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana murmushi, bai ce uffan ba. Sai ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu, ya yi rubutu, ya yage ya miƙo mini.

A lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Shi kuma ya ɗauka na koya, tunda ya ji ina kai masara Funtuwa ina hulɗa da 'yan kasuwa. Kunyar jama'a ta hana ni faɗa. Na kafa wa takardar ido kamar mai karatu, na gyaɗa kai na ce, "To, madalla." Da na fito na yar da ita. Sai daga baya na san abin da ke ciki. Likita ya yi masa aiki a maƙogwaro, ya hana shi magana na wasu makonni, ya ce in ya saɓa dokar, muryar tana iya tafiya ba ta dawo ba. Roƙona yake in riƙa zuwa ina ba shi labarin gari, shi zai saurara.

Ni dai abin da na gani shi ne mutum ya ƙi amsa gaisuwata a gaban jama'a, ya ba ni takarda kamar ɗan aike. Yayarsa ta gaya wa mata cewa maƙogwaro ke damunsa, maganar ta iso majalisarmu ta gindin dalbejiya. Ni ne na ce, "Wane irin ciwon maƙogwaro ne wannan, tuwo ya wuce amma 'lafiya lau' ta maƙale?" Aka yi dariya. An san ni da haƙuri a garin, don haka aka ɗauka in har ni na yi fushi, to da dalili. Cikin 'yan kwanaki ƙofar gidansu ta zama ba kowa.

Bayan kamar mako guda ina gona ina karyar masara, sai ga shi tafe da ƙyalle naɗe a wuya. Ya ɗaga mini hannu, na ci gaba da aikina. Ya matso ya sake rubutu ya miƙo. Ban karɓa ba. Na ce masa in yana da magana da ni, bakin da yake buɗe wa Turawa shi zai buɗe mini, in ba haka ba ya kai takardarsa ofis. Na saɓa buhu na nufi bakin hanya inda na bar amalanke.

Na yi nisa sai na ji ya kira ni da sunan da yake kirana muna yara. Farkon sunan ya fito da ƙarfin nan da na sani, har shanun amalanke suka ɗaga kai. Ƙarshensa ya yage kamar tsohon zane. Da na juyo na gan shi durƙushe, riƙe da wuya yana tari.

Na jefar da buhun na dawo da gudu. Cikin raɗa, yana tsayawa yana haɗiyar yawu, ya gaya mini dokar likita, ya tambaye ni me ya sa ban zo ba bayan na karanta.

"Ban iya karatu ba," na ce.

Ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa."

Na ɗora shi a amalanke na kai shi gida. Yayarsa ta ji abin da ya faru, ta dube ni ta ce, "Kai da ka girma a gaban murhuna, ƙafarka ce ta yi nauyi ka shigo ka tambaye ni?" A ranar na je majalisa na faɗi gaskiya, har da zancen karatun da ban iya ba. Daga nan kullum da la'asar ina gidansu ina zuba masa labari, in na faɗi abin dariya sai ya daki cinyarsa maimakon ya yi sauti.

Ya koma Turai. Muryar ta dawo, amma ba ta sake ɗaukar waƙar jarumi ba. Yanzu matasa yake koya wa waƙa, kuma ya ce yana jin daɗin aikin. Duk sanda na ɗauko maganar a waya sai ya ce shekaru ne suka ci muryar, ba kiran da ya yi mini a gona ba. Wataƙila gaskiyarsa ce, wataƙila sauƙaƙa mini yake yi. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Abin da na koya shi ne, in aka miƙo maka abin da ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba tun a wurin, ko gaban mutum nawa ne. Kunyar da na guje mata ta minti ɗaya ce, amma wanda ya ɗauki nauyinta shi ne mutumin da bai yi mini laifin komai ba.