Kai Ƙyallen Baba Imre Kabarin Janar

Landover zuwa Gaithersburg

Na fita ƙarfe shida da rabi, gari bai waye ba. Malam Isuhu, maƙwabcina ɗan Maraɗi mai tuƙin tasi, shi ya ɗauke ni.

"Alhaji, kabarin wa za ka?"

"Na wani janar ɗan Hungary."

"Ikon Allah! Dangin naka na Kumasi sun ƙare ne?"

Na ce ya dubi hanya.

Bakwai da kwata muka isa gidan Baba Imre, tsohon da nake jinya. Kowace shekara a tsakiyar Maris, ranar tunawa da yaƙin neman 'yancinsu, yakan kai ƙyallen tutar ƙasarsu Hungary kabarin nan. Bana ƙafa ta ƙi, kuma likita ya ce da wuya ya kai baɗi. Ya miƙo mini ƙyallen, mai ja da fari da kore, da furanni.

Cikin jirgin ƙasa

Na hau jirgin jan layi, na sauya zuwa na shuɗin layi a tsakiyar Washington. A hanya na karanta takardar da Baba ya rubuto mini. Injiniya ne janar ɗin. Ya yi yaƙin neman 'yanci daga Austria a 1848. Da Rasha ta shigo aka ci su, ya gudu Turkiyya. Daga can ya zo Amurka, ya yi yaƙin basasa, harsashi ya same shi a kunci. A Ajantina ya mutu, bayan shekara ɗari da ɗoriya aka kawo ƙasusuwansa. Na yi ta tunanin wane harshe yake mafarki da shi.

Maƙabartar sojoji ta Arlington

Tara da minti goma aka binciki jakata a ƙofa. Wata ma'aikaciya ta ba ni lambar kabarin. Na hau tudu minti ashirin da biyar. Na ajiye furannin, na shimfiɗa ƙyallen a kansu, na kira Baba ta bidiyo.

"Wane ne ya sa kore a sama?" ya daka mini tsawa. "Ja ne a sama! Juya shi!"

Na juya shi. Ya sa 'yarsa ta ta da shi zaune, ya ɗaga hannu ya sara wa janar ɗin. Na riƙe wayar har sai da ya sauke hannun da kansa.

Gida

Na shiga ɗakina ƙarfe ɗaya saura kwata, azahar ba ta yi ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Malam Isuhu, duk da bakinsa.