Kwanon Inna da Kifayen Baba

Duk wanda ya leƙa bayan gidan Baba Direba, koren ruwan tafkin kifinsa yake fara gani. Ba mai lura da 'yan ƙwayoyin shinkafa da ke maƙale a bakin simintin, kullum a kusurwa ɗaya.

Da ya ajiye tuƙin babbar mota ne ya haƙa tafkin, ya zuba tarwaɗa. 'Yarsa ta fari, wadda ta karanci aikin gona, ta yi masa bayani: ragowar abinci da kashin da kifi ke yi suna sakin wani sinadari, fosfat, shi gansakuka ke ci ta cika ruwa, kifi ya rasa iska. Maganin shi ne kainuwa. Tana tsotse sinadarin, amma sai ana kwashe ta ana zubarwa, don in ta ruɓe a ciki sai ta amayar da abin da ta sha.

"Kuma Baba, don Allah a rage musu ci," in ji ta.

Ya rage. Kowace safiya yana cikin ruwa har ƙugu da manjagara, yana fama da kainuwa.

Sai dai matarsa, Inna, ciwon mantuwa ya kama ta. Sunayen 'ya'yanta sun ɓace mata, shi kansa ya koma "bawan Allah". Abu ɗaya ya rage mata: baki in ya buɗe, a sa masa abinci. Kifayen kuwa, da iska ta yi musu ƙaranci sai su taso sama suna hangame baki.

"Bawan Allah, yaran nan naka ne?" ta kan ce, kwanon shinkafa a hannu, tana watsa musu. "Dubi yadda suke roƙo!"

"Numfashi suke nema, Hajiya, ba abinci ba."

"Ji shi! Kai da tumbinka ya cika."

Ya taɓa ɓoye kwanon. Ranar wuni ta yi tana zagaye tsakar gida tana kuka, ko ruwa ta ƙi sha. 'Yar ta ce ta waya a rufe ƙofar baya da kwaɗo. Ya sayo kwaɗon. Har yau yana cikin aljihunsa.

Da safiyar yau ya tarar manyan kifaye biyu sun juya ciki sama. Ya tsame su kafin ta fito, ya binne a gindin katanga. Sannan ya wanke kwanon, ya kife shi a kan taga, daidai inda hannunta ke kaiwa.