Gwiwar Hannuna da Yaron Cikin Randa

Ina ƙarama, kafin Turawa su tafi, muna zaune a Fagge, a wani gidan ƙasa da ake jiyo kukan jirgi daga tsakar gidansa. Mu Barebari ne, amma ni da ƙannena a Kano aka binne cibiyarmu. Kakarmu ta wajen uba, Kaka Yagana, ita kaɗai ta rage mai karyayyar Hausa. Lokacin ɗari, da an yi sallar isha'i, sai ta tura itace a murhu, mu kewaye ta.

Ba irin kakar da ake hawa cinyarta ba ce. Mahaifinta maɗori ne a Barno, a gabansa ta girma, don haka ta san jikin mutum kamar yadda mahauci ya san na rago. Kafin ta ba mu tatsuniya sai ta cafki wanda ya fi kusa da ita ta danna masa yatsa.

"Nan ina ne?"

"Gwiwa, Kaka."

"Me ta iya?"

"Ta lanƙwashe, ta miƙe."

"Shi ke nan iyawarta, kamar ƙyaure. Kafaɗa fa?"

"Ita zagayawa take yi."

Haka za ta bi wuyan hannu, da ƙugu, da idon sawu, da agara, jijiyar nan mai kauri ta bayan diddige. Wanda ya kuskure ya sha mintsini a tsokar damtse, inda ya fi zafi.

Wata shekara sai na faɗo daga katanga na karye dab da gwiwar hannun dama. Maɗori ya ɗora, ya ɗaure da karare. Da aka kwance, ƙashi ya kama, amma hannun ya tsaya a lanƙwashe kamar lauje, damtsen ya tsotse. Ko taɓawa aka yi sai na ƙwalla ƙara. Innata ta ce a bar ni, Allah ne Ya ƙaddara. Ita ta riƙa ba ni tuwo a baki, tana ɗaura mini zane.

Kaka ta zuba mata ido kwana biyu. Ran nan da dare ta ɗora man kaɗanya a bakin murhu, ta ce, "Falmata, zo nan. Yau tatsuniyar taki ce." Ta matse ni tsakanin ƙafafunta, ta riƙe kafaɗata da hannu ɗaya, wuyan hannuna da ɗayan.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso."

Ƙannena suka ce, "Ta iso mu ji."

Wai wata mata ce, duk ɗan da ta haifa, da ya yi ƙafa sai ya bi fatake, ba ya komowa. Da ta sami auta sai ta rantse wannan ba zai bar ta ba. Ta samo babbar randa ta saka shi ciki, gwiwoyinsa a haɓarsa, diddigensa a ɗuwawunsa. Ta bakin randar take ba shi fura da nama, tana yi masa waƙa. Yaro ya yi ta girma a naɗe. Kullum yana cewa, "Inna, gwiwata na ciwo, fito da ni in miƙe." Ita kuwa sai ta ce, "Yi haƙuri ɗan lelena, waje akwai ƙaya."

Daidai nan Kaka ta ja hannuna. Na ji kamar an tsaga gaɓar da wuƙa. Na kurma ihu, Inna ta fito da gudu daga ɗaki.

"Kaka, don Allah ki ji tausayinta!"

"Koma ɗaki, uwar randa," in ji Kaka, ko kallonta ba ta yi ba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ba damar ta yi wa suruka musu.

Kaka ta ci gaba. Wata rana matar ta tafi rafi, sai Kura ta shigo gidan, ta ji ƙanshin mutum, ta bangaje randa ta fashe. Saurayi ya gangaro ƙasa dunƙule kamar curin fura. Kura ta ce, "Samari, tashi ka gudu. Ni ban saba cin abin da bai gudu ba." Ya yunƙura. Jijiyoyin bayan gwiwarsa sun ƙanƙance kamar ɗanyar fata da ta sha rana. Tsokar cinya ta shanye, sha-raɓa ba komai sai fata. Ƙugu ya ƙi buɗewa, ƙashin baya ya ƙi miƙewa. Kura ta zauna ta yi dariya har ta gaji, sannan ta fara daga idon sawu.

Kowace gaɓa Kura ta ci, sai Kaka ta kira sunanta, ta lanƙwasa hannuna, ta sake ja. Ta yi muryar Kura, har da dariyar, kuma ni take yi wa, ina majina da hawaye.

Da uwar ta dawo, ta tarar da Kura tana lasar baki. Kura ta tura mata abu biyu da ƙafa, ta ce, "Ga gwiwoyin ɗanki, sun sandare, ko ni na kasa taunawa. Ki adana, waɗannan kam ba inda za su."

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Gobe ma ita ce."

Kashegari ma ita ce, da wanshekare, har ɗari ya wuce. Ƙannena suka daina zuwa bakin murhu. Da rana ta hana Inna ba ni abinci a baki. In zan ci, da dama zan ci, in kuwa hannun bai kai baki ba, in kwana da yunwa. Na kwana da ita ba sau ɗaya ba. Akwai wata Inyamura daga Sabon Gari, Mama Uche, mai kawo wa Inna manja. Ta taɓa tarar da Kaka ta ɗaura mini guga cike da yashi tana sa ni zagaya tsakar gida, nauyin yana jan gaɓar. Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Mama, wannan yarinya za ta mutu fa!" Kaka ta ce, "In ta mutu, a miƙe za a binne ta."

Kafin damina hannun ya miƙe. Da shi na yi daka, da shi na goyi 'ya'yana. Kaka ba ta taɓa ce mini sannu ba, ni ma ban taɓa ce mata na gode ba. Ina gudunta har ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka Kura ce muguwar tatsuniyar. Sai da na haihu, ɗana na fari ya tashi tafiya Ikko neman aiki, na ji bakina yana shirin cewa waje akwai ƙaya, sannan na gane wadda Kaka take nufi. Na haɗiye maganar, na sa masa albarka. Gaskiyarta ce, gaɓar da aka ji tausayinta aka hana ta motsi, mutuwa take yi tun mai ita yana da rai, kuma da an bi ta Inna da yau da hagu nake cin tuwo.

Amma abu ɗaya na kasa warwarewa har na tsufa. Jan hannun dole ne, yunwar ma wataƙila dole ce. Dariyar fa? Na sha gaya wa kaina cewa ta yi ta ne don in ji haushi in daure. Wani lokacin na yarda. Wani lokacin kuwa sai in tuna fuskarta a hasken wutar nan, in san cewa daɗin abin take ji. Ina yi mata addu'a duk Juma'a, da hannu biyu a miƙe, amma ban taɓa ba jikokina wannan tatsuniya ba.