Bawa da Ya Bi Hadari

Tun ina ƙarami ba ni da hankali a kan hadari. Da zarar gabas ta yi baƙi a bayan duwatsun Zuru, iska ta fara kaɗa mangwaron gidanmu, sauran yara sai su ruga ɗaki. Ni kuwa in haye katanga ina kallon walƙiya baki buɗe. Babu mai iya sauko da ni sai Kaka, mahaifiyar babana, ita ma ba da bulala ba.

"Maigidan, taho ka zamna," take cewa daga ƙofar madafa. "Masara ta gasu, kuma ina da wata sabuwa."

Wayo take mini, ba sabuwa ba ce. Duk yammacin da hadari ya haɗo, tatsuniya guda take ba mu. Mu kewaye murhu, hayaƙi na cin ido, ruwa na dukan kwano har sai ta ɗaga murya, hannunta ɗaya na juya masara, ɗayan na riƙe da rigata.

Wai wani saurayi ne, Bawa, da hadari ya raina. Kullum sai ya haɗu a kan gonarsa, ya gama gurnani, ya wuce ya zubar a gonar wasu. Ran nan Bawa ya fusata, ya bi shi da gudu don ya ji dalili. Ya haye dutse, ya tsallake rafi, ƙaya ta yage masa wando, har ya cim masa a kan wani tudu yana hutawa. A nan Kaka ke kumbura kumatu ta yi muryar hadari: "Ni da nake zuwa gidan kowa, mi ya kawo ka bi na? Koma, ƙanwarka na bakin ƙofa tana jiran ka." Bawa ya juya. Ya iso jiƙe sharkaf, ƙanwar ta miƙa masa tuwo da zafinsa, washegari aka yi shuka.

"To me ya samu?" nake tambaya cikin haushi.

"Ya samu gida. Bai ishe ka ba?"

Bai ishe ni ba. Na girma, na zama malamin firamare, na sayi babur da waya mai ɗaukar bidiyo, ciwon nan bai warke ba. In damina ta kama, ana tashi daga makaranta nake duba inda hadari ya nufa, in kama hanyar Ribah, wani lokaci har Wasagu. Ban san yadda zan kwatanta wa mutum daɗin ba: iska ta yi sanyi farat ɗaya, ƙasa ta tashi da ƙamshi, gajimare ya tsaya gabanka kamar bango. A gari har ana ce mini ɗan rakiyar tsawa, ni kuma ina jin daɗi.

Wata rana kusa da garin Kanya aradu ta faɗa wa wata ɗorawa a gabana, kunnena ya toshe, amma na samu bidiyon. Na dawo bayan magariba ina ta murna. Sai na tarar da Kaka a ƙofar gida, dogare da sanda, zaninta jiƙe. Ta tsufa tukuf a lokacin. Ta shafa fuskata, ta shige.

Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, ita ta ja ni gefe. "Wai kai ba ka san Bawa ba? Yayanta ne, ciki ɗaya. Ya fita tattaro awaki cikin hadari, tsawa ta same shi gindin itace. Ita ce ke tsaye bakin ƙofa ranar. Gawarsa aka kawo mata."

Kunya ta kama ni, tausayi ya cika mini ciki. Shekara da shekaru ina zaton tatsuniyar dabarar tsare ni ce kawai. Ashe yayanta take dawowa da shi gida, kowace damina, ta ba shi tuwon da bai ci ba.

Ba zan yi ƙarya ba, har yau ina fita. Amma na daina tsayawa a fili, kuma ina juyawa tun da sauran haske. Kaka ta rasu bayan damina biyu, Allah ya jiƙan ta. Yanzu 'yata ke rarrafowa jikina in an yi tsawa, ta ce in ba ta labarin Bawa. Ni ma ban taɓa barin sa a gindin itacen nan ba.